Shekara Bakwai Bayan Kyari: Bututunsa da Jan Fenti

Shekara bakwai ke nan da muka kai Kyari makwancinsa, amma har yau in na bi ta kasuwa ko na tsaya a gidan mai sai na ji ana ambatonsa kamar yana bayan katanga. "A kira Ba Kyari." "Ba Kyari ya zo jiya, ya gama mana aiki." Baƙon da ya shigo Maiduguri zai ɗauka wani dattijo ne da ba ya gajiya. Ina! Bututu ne. Dogon bututun ƙarfe ne a kan tirela, da famfo da ɗan akwati, wanda marigayin ya ƙera don raba ruwa da man dizal, mutanen gari suka laƙaba masa sunan mai shi, har da "Ba" ɗin nan da Barebari ke girmama dattijo da shi. Ni kuwa Garba, abokinsa tun muna yawo ba takalmi a unguwar Lamisula, injiniya kamarsa, ko ƙusa ɗaya babu da ake kira da sunana a duniyar nan. An ce in rubuta waiwaye a kan aminina, to zan rubuta, amma kada mai karatu ya sa ran zan zauna ina zuba kirari kamar maroƙi. Ƙyashin mutumin nan nake ji, kuma shi ma ya sani tun yana da rai.

Kakana Bafulatanin Kano ne, fataucin fata ya kawo shi Barno, ya ga wuri ya zauna. Kyari kuwa Babarbare ne gaba da baya. Duk wanda ya san Fulani da Barebari ya san abin da ke tsakani: wasan taubasantaka. Ka ce masa bawanka ne, ya ce kakansa ne ya sayi naka, ka kushe abincinsa, ya kushe hancinka, ba mai fushi, ba mai kai ƙara. Da wannan muka tashi. Ban taɓa yabon Kyari a gabansa ba, shi ma bai taɓa yabona ba, kuma da ɗayanmu ya kuskura ya yi, da ɗayan ya tambaye shi ko lafiya.

Matsalar ita ce, nawa wasan akwai tsakuwa a ciki. Ni ne mai cin littafi, ni ne mai ciwon kai kafin jarrabawa. Shi sai ya ari littafina a bakin ƙofar aji, ya duba yana cin gyaɗa, ya shiga ya fito da makin da ya fi nawa. Daga firamare har jami'a haka muka yi ta yi. Malamai su ce, "Garba akwai ƙoƙari." Su juya su ce, "Kyari akwai kai." Ku gaya mini, wane ɗan Adam ne zai so a ce masa akwai ƙoƙari?

Da muka gama karatu na ce to, yanzu zan sha gabansa. Na samu aiki a wani kamfanin mai a kudu, na yi shekara talatin a can. Aikina shi ne kula da na'urorin da ke raba abin da rijiyar mai ke fitarwa. Wanda bai sani ba yana zaton mai tsantsa ake haƙowa. A'a, cakuɗe yake fitowa: ga ɗanyen mai, ga iskar gas, ga ruwan gishiri, ga yashi, duk a bututu ɗaya. Sai a zuba shi cikin manyan tankuna da bututu, ruwa ya nutse ƙasa don ya fi nauyi, mai ya hau kansa, gas ya tashi sama. Ido ba ya gani cikin ƙarfe, don haka ake dasa wasu ƙananan na'urori da muke kira sensa, su ne ke jin inda ruwa ya tsaya da inda mai ya fara, su aika wa bawul, wato makullin bututu, saƙo ya buɗe ko ya rufe. Ɗaruruwan irinsu ne a ƙarƙashina. In na zo hutu sai in sa babbar riga, in tafi gidan Kyari a Galtimari, in zauna a zaurensa ina ba shi labari yadda zai san cewa na wuce ajinsa. Shi a lokacin koyarwa yake yi a wata makarantar fasaha, da yamma yana gyaran janareta.

Zama yake yi yana tauna goro, yana yi mini tambayoyin sakarci. "To yaya abin yake gane ruwa ne?" In ce ruwa yana ɗaukar lantarki, mai ba ya ɗauka. "To in ruwan ya canza fa?" In ce sai a sake saita na'urar. "Ashe," in ji shi, ya tofar da goro. Ni kuma in ƙara gyara zama, ina jin daɗin yau dai na zama malaminsa.

Wani hutu na zo na tarar da bututu kwance a tsakar gidansa. Da hirata ya ƙera shi. Wallahi da hirata! Ya samo tsohon bututun bohol, ya ɗan karkata shi, ya yi masa aljihu a ƙasa inda ruwa zai taru. Cikin aljihun ya dasa wasu ƙarafa biyu kamar ƙusoshi, ya haɗa su da akwatin da ya harhaɗa da kayan tsohuwar rediyo. Famfo ya tura gurɓataccen dizal a hankali, ruwa ya gangara aljihu, da ya taɓa ƙusoshin sai koriyar fitila ta kama, bawul ya buɗe ruwan ya zube waje. Da mai ya iso wurin sai fitila ta mutu, bawul ya rufe, dizal mai kyau ya wuce gaba. A jikin akwatin akwai abin murɗawa irin na rediyo, da shi ake gaya wa na'urar irin ƙarfin lantarkin da za ta ji kafin ta yarda cewa ruwa ne. Na tsaya ina kallo. Na ce, "Kyari, wannan ai sata ce." Ya ce, "Bafulatani, dama aikinku ke nan, ku yi kiwo mu sha nono."

Wanda bai zauna garin nan a shekarun rashin wuta ba ba zai gane abin da bututun ya zama ba. Gidajen ƙanƙara, injinan niƙa, masu bohol, ƙananan asibitoci, kowa da janareta ya dogara, kowa kuma yana da tankin dizal binne a ƙasa. Tanki ya tsufa, ruwa ya tsattsafa ciki, ranar da ruwan ya kai ga inji sai ka ji ya yi tari ya tsaya, gyara ya tashi. A da sai dai a zuba mai a durum a jira ya kwanta, a tsiyaye da ido, rabi ya tafi a banza. Kyari ya zo da tirelarsa, ya tsotse tanki, ya mayar maka da mai tas, ruwan kuma ya nuna maka shi a kwata. Kafin ka ce me, sunansa ya bi gari. Ni da nake tace man da ƙasa gaba ɗaya ke ci da shi, in na dawo gida sai a gabatar da ni da cewa, "Wannan abokin mai bututu ne."

Abu ɗaya ya hana ni har ya koma ga Allah, shi ne taɓa abin murɗawar nan. Ko kusa da akwatin na matsa sai ya bige mini hannu. "Hannun da ya saba tatsar saniya ba zai taɓa mini kaya ba." Na yi ritaya na dawo gida, na ce mu haɗa kai mu faɗaɗa abin, ya ce shi ba ya ɗaukar bawa aiki sai ya ga takardar 'yancinsa. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ta tsaya mini a wuya. Ba a jima ba ciwo ya kwantar da shi, kwana kaɗan ya cika.

Bayan rasuwarsa, babbar 'yarsa Falmata ta ajiye koyarwar da take yi a firamare ta karɓi sana'ar, don da ita gidan ke ci. Ita ke karɓar aiki da magana da mutane. Mai tuƙa tirela da kunna famfo kuwa Modu ne, wanda ya yi wa Kyari hidima tun gashinsa na baƙi har ya yi furfura. Bayan sadakar uku, Modu ya ɗauko jan fenti ya ɗiga a kan abin murɗawar, daidai inda Kyari ya bar shi a aikinsa na ƙarshe, fentin ya bushe ya riƙe shi gam. Ya ce inda hannun Ba Kyari ya tsaya, nan za a tsaya. Na ce masa, "Modu, wannan na'ura ce, ba carbi ba. Ruwa iri-iri ne, dole a riƙa saita ta." Mutanen da ke zaman makoki suka kwashe da dariya, wani ya ce Bafulatani ko a gidan mutuwa sai ya taɓa ubangidansa. 

Abin haushin, shekaru suka yi ta wucewa bututun yana aiki lafiya lau. Na san dalili. Ruwan da ke tsattsafowa cikin tankunan garin nan kusan iri ɗaya ne, ruwan ƙasa ne mai ɗanɗanon kanwa, irinsa kuwa lantarki na gudu a cikinsa, ko kurman sensa zai ji shi. Amma wa zan yi wa wannan bayani? Duk aikin da aka gama lafiya sai Modu ya aiko mini da gaisuwa, wai a gaya wa Injiniya jan fenti yana gaishe shi.

Nakan zauna in tambayi kaina abin da Kyari zai ce da zai leƙo garin yau. Rufin gidaje ya cika da faifan sola, masu bohol da yawa sun daina sayen dizal. Sensar da a zamanina sai kamfani ya yi odarta daga waje, yanzu tana nan a shagunan kayan lantarki, har da wadda ke saita kanta, mutum yana kwance a ɗaki yana ganin tankinsa a waya. Na san ba zai tsorata ba. Zai sayo ɗaya, ya farke ta a zaure, ya ce masu yin ta sun yi ƙoƙari amma ba su san zafin Maiduguri ba, kafin sati ya fito da wadda ta fi ta. Kun ji ko? Ko a cikin tunanina ma sai ya ci ni. Abin da na tabbata shi ne, da ya ga jan fentin nan, da sai ya nemi Modu da sanda.

Sai ambaliyar nan ta zo, wadda ba sai na ba ɗan garin nan labarinta ba. Galtimari ta sha ruwa har wuya. Modu ya bar kayan sawarsa da katifarsa, ya ɗora akwatin Kyari a ka, ya ratsa ruwa da shi har tudu. Wannan kam na sara masa. Da ruwa ya janye, kusan duk tankin da ke binne a unguwannin da abin ya shafa ya sha ya ƙoshi, dizal mai kyau ya yi wuyar samu, kowa na neman Ba Kyari. Ni kuwa tun ina kan tudun da muka fake gabana yake faɗuwa. Ruwan ambaliya ruwan sama ne da na madatsa, ba kanwa a cikinsa, ga laka, ga shi ya kaɗu da mai ya zama kamar kunu. Lantarki ba ya gudu a irinsa sosai. Na'urar da aka saita ta ji ruwan kanwa, in wannan ya zo mata za ta ɗauka mai ne, ta bar shi ya wuce.

Babban aikin farko da Falmata ta karɓa na Alhaji Goni ne, mai gidan ƙanƙara a Moduganari. Allah ya taimake shi janaretansa a kan dakali mai tsawo yake, ruwa bai kai gare shi ba, amma tankinsa na ƙasa ya cika. Ga kuma mota ta iso da kifi, na wasu mata 'yan kasuwa da ambaliya ta cinye musu komai, suka haɗa ɗan abin da ya rage suka yi odar kaya don su sake tashi. Motar tana tsaye a ƙofa, rana ta take, ruwan ƙanƙara na ɗiga daga ƙarƙashinta. Dole janareta ya tashi a ranar, kuma da man da ke cikin tankin nan. In ruwa ya shiga injin ya mutu, kifin matan ya tafi, sunan Ba Kyari ya tafi, abincin gidan Falmata ya bi su.

Ba wanda ya gayyace ni, na hau Keke na tafi. In an tambaye ni abin da ya kai ni, zuciyata biyu ce, kuma ba zan ɓoye ba. Ɗaya tana cewa je ka hana ɓarna. Ɗayar tana cewa je ka samu wuri a inuwa, yau za ka ga abin da ka yi shekara da shekaru kana jira, ranar da za a ce Kyari ya yi kuskure, Garba ya faɗa ba a ji ba.

Na tarar an riga an kunna famfo. Tiyo ɗaya a tankin ƙasa, ɗaya kuma kai tsaye cikin tankin janareta, don tun tuni aka daina duba abin da bututun ke fitarwa, an yarda da shi kamar yadda ake yarda da liman. Na dubi akwati, fitila a mace. Na dubi bawul, a rufe, ko ɗigo babu. Tankin da ya kwana cikin ambaliya, a ce ba ruwa? Modu yana ta murmushi yana gaya wa Alhaji Goni cewa ya yi sa'a, murfin tankinsa ya riƙe da kyau.

Na ce, "Modu, kashe famfon nan. Ruwa kuke ɗura wa injin. Sai an murɗa abin nan."

Alhaji Goni, Babarbare ne shi ma, ya tafa hannu. "Jama'a ku zo ku ji, Bafulatani ya fara! Ubangidanka ya mutu ma ba za ka bar shi ya huta ba?" Leburori suka fashe da dariya, har matan da ke bakin mota suka yi murmushi. Na ce ba wasa nake yi ba, a kawo kwalba a tari man a gani. Alhaji ya ce in dai kwalbar nono nake nema, ba a sayarwa a nan. Aka sake kwashewa. Raina ya ɓaci, na ɗaga murya, na fara zuba musu bayanin lantarki da kanwa, ina nuna akwatin da yatsa. Fushin nan shi ya ƙara ɓata lamarin, don taubashi ba ya fushi. Dariya ta tsaya, Modu ya zo ya shiga tsakanina da akwatin.

"Injiniya," in ji shi, "da wasa ne da mun yi dariya. Wannan hassada ce, kuma kowa a garin nan ya sani. Tun yana da rai kake so ka sa hannu a kayansa. Ba a gwada Ba Kyari da kwalba."

Na juya wajen Falmata. Yarinyar da aka raɗa wa suna ina zaune, ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba Garba, don Allah ka bari. Yau ba ranar wannan ba ce."

Kai jama'a! Ban taɓa shiga tarko irin wannan ba. In na faɗa da dariya, wasan taubasai ne. In na faɗa da fushi, hassada ce. Kuma ba zan iya rantsewa cewa ba na hassadar ba, don Modu bai yi ƙarya ba. Makaniken Alhaji ya riga ya hau dakali yana goge hannu, yana jiran tanki ya kai inda zai tayar da inji. Ga darbejiya can gefe da benci a ƙarƙashinta. Na faɗa, an ƙi ji, shaidu sun cika wuri. Babu abin da ya rage mini sai in je in zauna in jira injin ya yi tari, daga ranar kuma ba mai sake aiko mini da gaisuwar jan fenti. Har na taka zuwa wajen bencin. Sai na ga wata tsohuwa cikin matan ta tara hannu a ƙarƙashin mota tana duba ko ruwan da ke ɗiga ya fara wari, ga Falmata tsaye ta goya hannu a baya yadda ubanta ke yi in aiki ya dame shi.

Na dawo tsakiyar fili, na cire hulata. Na ce, "Ku saurare ni. Na rantse da Allahn da ya karɓi ran Kyari, ya fi ni. Ya fi ni a aji, ya fi ni a aiki, ya fi ni kai. Abin da na yi shekara talatin ina yi da kayan kamfani, shi ya yi shi da tarkacen rediyo. Ni Garba na faɗa, ku zama shaida. To mutumin da ya fi ni ba zai taɓa barin abin nan wuri ɗaya ga kowane irin ruwa ba. Ban san yadda yake yi ba, don bai taɓa bari na gani ba. Amma wallahi yana murɗa shi."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Bafulatani ya cire hula a gaban Barebari, ya haɗa da rantsuwa cewa nasu ya fi shi, wannan ba a taɓa jin sa a wasa ba, kuma mai hassada ba ya faɗar haka. 

Falmata ce ta ɗago kai. "Modu, kashe famfo." Ya je ya kashe. Ta ce akwai abin da ta tuna. Duk jajibirin aiki, babanta yakan dawo gida da kwalbar ruwan da ya ɗebo daga gindin tankin da za a tace. Bayan la'asar sai ya shimfiɗa tabarma, ya ɗauko akwatin, ya tsoma ƙusoshin gwaji a kwalbar, ya yi ta murɗawa a hankali har fitila ta kama. Ita ce ma mai wanke kwalaben. In ta tambaye shi sai ya ce, "Bari ta gaisa da ruwan gidan kafin ta je." Ta ɗauka irin barkwancinsa ne. Modu kuwa bai taɓa gani ba, don shi da safe yake zuwa ya tarar da akwati a shirye.

Aka zura gora a gindin tanki aka ɗebo abin da ke ciki, ya fito fari-fari da laka. Aka tsoma ƙusoshin, fitila ko motsi. Na miƙa hannu wajen akwatin, na ce a raina yau dai zan taɓa abin nan. Falmata ta tare ni da tattausar murya, "Baba, bari ni." Na janye. Ta kama, ta murɗa, fenti ya ƙi, ta ƙara ƙarfi ya tsage ya zubo. Ta ci gaba a hankali, a hankali, sai ga koriyar fitila. Aka juye abin da aka riga aka ɗura wa janareta, wanda da an tayar da inji da shi da ko minti biyar ba zai yi ba, aka mayar da shi ta bututu, aka rage gudun famfo. Bawul ya yi ƙara ya buɗe, jan ruwa ya yi ta kwarara cikin kwata kamar ba zai ƙare ba. Modu ya durƙusa yana hawaye yana cewa, "Ba Kyari ya ji ruwa! Ba Kyari ya ji ruwa!"

Kafin la'asar janareta ya tashi, aka shigar da kifi. Matan suka ɗaga hannu suna yi wa Kyari addu'a, Allah ya haskaka kabarinsa, ya mutu ma yana ceton talaka. Na tsaya a gefe da hulata a hannu ina cewa amin, ina jira ko wata za ta haɗa da ni. Ba wadda ta haɗa. Alhaji Goni ne ya zo ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce, "Injiniya, mun gode," ya raka ni har bakin titi ya tsayar mini da Keke. Bai ce mini Bafulatani ba, bai ce bawa ba.

Yanzu in aka auna, me ya rage na Kyari? Bututun ya fara tsatsa, kuma yadda sola ke cin gari, wata rana za a jingine shi a bayan gida. Sunan ma zai bi shi, don yaran da ke cewa a kira Ba Kyari yawancinsu ba su san mutum ba ne. Abin da na ga ya tsaya shi ne kwalbar nan. Duk jajibirin aiki Falmata na zuwa da kanta ta ɗebo ruwan gidan, ta zauna bayan la'asar ta saita akwati, Modu na tsaye yana kallo, ba mai maganar fenti. Kyari ya bar wadda ta gaji hannunsa ba tare da ya zaunar da ita ya koya mata ba. Wannan ma ina ƙyashinsa, ba kaɗan ba.

Ni kuma abin da ya rage mini shi ne maganar da na faɗa a Moduganari. Ta zaga gari. Barebarin unguwarmu da suka saba tare ni a ƙofar masallaci suna tambaya ina shanun ubangidana, yanzu gaishe ni suke yi da ladabi, su matsa mini a sahu. Suna ganin karamci suke yi mini. Allah ya jiƙanka da rahama, Kyari, ya sa ka huta, ya raya abin da ka bari. Amma ka cuce ni da ba ka wurin a ranar. Da kana nan, na san da ka riƙe ciki ka yi ta dariya har hularka ta faɗi, ka ce jama'a ku shaida bawa ya amsa ubangidansa, ni kuma in ce zafin rana ne ya taɓa mini kai, shi ke nan maganar ta koma wasa mu tafi gida. Ba ka nan, ba wanda ya yi dariya, sai ta zauna a matsayin gaskiya.